Saniyar Maiwada a Cikin Lasifika

Duk ƙasar Gaya, daga bakin kasuwa har ka dangana da Ajingi, babu mahaluƙin da ya riga ni ganin talabijin. Ni na fara. Ban yi boko ba, ko alli ban taɓa riƙewa ba, amma agana ta kama ni ta gaji ta sake ni, babban fari ya cinye jakunan garinmu ya bar nawa, to ido irin nawa ba ya ganin abu ya manta. A kan jakin nan nawa aka shigo da ita garinmu, can gaba da Toranke kaɗan, shekara huɗu bayan farin. Tukur direba, ƙanen limaminmu, shi ya tare ni a inda yashi ya hana motarsa wucewa, ya ɗora min kwali, ya ce kwanukan tsohuwarsa ne. Kwanuka kuwa ba sa yin shiru a bayan jaki. Da na sha kwana na buɗe na leƙa, sai ga fuskata a cikin baƙin gilashi. Tukur ya roƙe ni in rufa masa asiri, don yayansa Liman ya sha faɗa a wajen karatu cewa akwatin nan ƙofar shaiɗan ce, shi kuwa so yake tsohuwa ta samu abin ɗebe kewa. Na rufa. Washegari ya kafa doguwar gora a bayan gidansu, da wani ƙarfe mai kama da ƙashin kifi a kanta, ya ce don rediyon Liman ya riƙa kamo Makka ne. Kowa ya sa masa albarka.

Amma labarin ba nawa ba ne. Na Bubayero ladan ne, wanda akwatin nan ya kusa raba shi da mutuncinsa alhali bai ma san da shi a duniya ba.

Bubayero Bafulatani ne, dogo, siriri kamar sandarsa. Kafin fari shanunsa sun haura arba'in. Bayan fari abin da ya rage masa uku ne: sandar, da matarsa Adama, da murya. Sai ya zauna a gefen gari yana kiwon shanun mutane, in ya koro su da yamma ya yi alwala ya kira Magariba, ya jira ya kira Isha'i. Sauran ukun, Asuba da Azahar da La'asar, Kabo tela ne yake kira, tunda shagonsa yana kallon masallaci. Mutumin da ya taɓa mallakar garke ya koma bin na wasu, ba kowane zama yake iya ɗaga kai a cikinsa ba. Amma in Bubayero ya tsaya ya sa yatsa a kunne, daga mai unguwa har mai awo kowa ajiye abin hannunsa yake ya taho. Wannan kaɗai ya ishe shi.

Shekara guda kafin zuwan akwatin, bayan kakar gyaɗa, mutanen gari sun haɗa hannu sun sayo lasifika daga Kano. Ƙaho biyu a kan soron masallaci, da makirfo, da batirin mota, da wani ɗan akwatin ƙarfe da muke ce wa inji, wanda shi yake ɗaukar murya ya kumbura ta. Injin a alkuki aka ajiye shi, wato ramin nan na jikin bango da ake sa fitila, a bangon da masallaci ya haɗa da gidan Liman.

Ana nan sai karsanar Maiwada mai awo ta ɓata a hannun Bubayero. Ya ce kura ce, ya kawo kofato guda da guntun wutsiya. Maiwada ya ce kura mai ƙafa biyu dai, wadda ta san hanyar mahautan Ajingi. Magana ta kai gaban Liman Abdulsalam, ba shaida, sai rantsuwa. Bubayero ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani a gaban jama'a.

A wurinmu in mutum ya dafa, magana ta ƙare a baki, amma ba ta ƙare a ido ba. Kwana arba'in ake zuba wa mai rantsuwa ido. In ɗakinsa ya kama wuta, ko ƙafarsa ta kumbura, ko akuyarsa ta yi ɓari, babu mai cewa uffan, kai kawai ake kaɗawa. Bubayero ya san haka, bai damu ba, tunda ya san abin da ya gani a daji.

Ran kwana tara, da Magariba, ya murɗa inji ya ɗauki makirfo. Ya yi kabbara lafiya lau. Yana buɗe baki zai ce Ashhadu, sai wani kuka ya taso daga ƙarƙashin muryarsa, mai kauri, daga can ciki, muuu, ba ya hawa ba ya sauka. Ya cika masallaci, ya fita ta ƙahon nan biyu ya rufe gari. Masu alwala suka sandare, ruwa yana zuba daga buta ba su sani ba. Awakin da suke kwance a gindin darbejiya suka watse. Bubayero ya ji gashin jikinsa ya miƙe, amma bai yanke ba, ya ja kiran har ƙarshe kukan yana biye da shi, sa'annan ya kashe inji. Shirun da ya biyo baya ya fi kukan nauyi.

Wani daga bakin ƙofa ya ce a hankali, "Saniya ce."

Maiwada, da ruwan alwala yana ɗiga daga gemunsa, ya ce, "Ba saniya ce kawai ba. Tawa ce. Na san muryarta."

Bubayero ya juyo. "Maiwada, a cikin shanu aka yanke min cibiya. Saniya in ta yi kuka sai ta tsaya ta ja numfashi. Wannan bai numfasa ba ko sau ɗaya."

Kabo tela ya ce, "Matacciya ina ta ga numfashi, Malam Buba?"

Babu wanda ya yi dariya. Da Isha'i kuwa, tun daga murɗa inji kukan ya tarye shi, kamar dama jiransa yake.

Da Asuba Kabo ya kira, murya ta fita tas kamar ruwan randa. Azahar haka, La'asar haka. Magariba ta yi, Bubayero ya kai Ashhadu, saniya ta amsa. Kwana huɗu a jere. Sahu uku ya koma ɗaya da rabi. Mutane biyu suka aiko aka ware shanunsu daga garken da yake kora. In ya yi sallama a majalisa ana amsawa, amma ba a matsa masa wuri a tabarma. Shi kansa in ya kwanta sai ya riƙa komawa dajin nan a zuci, yana sake duba sawun kura, yana tambayar kansa ko akwai kalmar da ya ƙara a rantsuwar da bai kamata ba. Bai samu ba.

Ran Litinin Liman ya kira shi zaure.

"Malam Buba, ni ban ce ka yi ƙarya ba."

"Allah gafarta Malam, ban yi ba."

"Amma jama'a sun fara salla a gida. In Juma'a ta zo abin nan bai daina ba, ka ajiye kiran. Kabo ya haɗa biyar ɗin."

Bubayero ya san ajiye kiran daidai yake da tsayawa a tsakiyar kasuwa ya ce Alƙur'ani ya kama shi. Daga nan sai bin dare da barin gari, da sunan da zai riga shi isa duk inda ya nufa.

Ya ce, "A ba ni injin in kai shi Gaya a duba."

Liman ya yarda. Maiwada da ya ji ya ce ƙafarsa ƙafar inji, kada a sauya shi a hanya.

Ranar kasuwar Gaya suka hau bayan babbar mota, Bubayero rungume da inji cikin bargo, Maiwada yana zaune a kan buhun dawa yana kallonsa har suka isa. Mai gyaran rediyo a bakin tasha, Maikuɗi, Babarbare ne, kuma tsakanin Barebari da Fulani an san wasan da yake akwai. Yana hango Bubayero ya washe baki.

"A'a, yau bawana ne da kayan Nasara? Ina ka sato?"

Da wata rana ce, da Bubayero ya mayar masa da wadda ta fi ta zafi. Ran nan inji kawai ya ajiye a kan tebur. Maikuɗi ya dube shi, ya dubi Maiwada, ya haɗiye sauran wasan. Suka ba shi labari. Ya kwance kusoshi, ya hure ƙura, ya taɓa nan ya taɓa can, ya haɗa da batirinsa da wani tsohon ƙaho da yake rataye a rumfar, ya miƙa wa Bubayero makirfo.

"Faɗi abin da kake faɗa in ta zo."

Bubayero ya faɗi kalmar shahada a tsakiyar tasha. Ta fita garau, har masu kosai suka ɗago kai.

Maiwada ya ce, "Rana ce ai. Kuma nan ba masallaci ba ne."

Maikuɗi ya mayar da kusoshi. "Injinku lafiyarsa ƙalau. Irin wannan kuka, in ba a cikinsa yake ba, to a kusa da shi yake. Kuna da wutar lantarki?"

"Babu."

"Injin niƙa a jikin masallaci?"

"Ko a garin babu."

"To ban sani ba, Bafillace. Ciwon da ba ya tashi a gaban mai magani sai mai jinya. Lokacin da yake kukan za ka kama shi, ba a rumfata ba."

Kafin su sauka daga mota Maiwada ya gama shirya yadda zai ba da labarin: an kai wa gwani, gwani ya ce ƙarfe ba shi da laifi, to laifin na wa ya rage? Bubayero kuwa wani abu yake juyawa. In ciwo ya shiga garke, makiyayi ba ya tsayawa yana kallon garken gaba ɗaya. Warewa yake. Ya fitar da wannan ya ɗaure ta gefe ya kwana ya gani, ya mayar ya fitar da waccan, har ya kai ga wadda ta kawo shi. To lasifika ma garke ne: akwai mai kira, akwai makirfo, akwai ƙaho, akwai inji.

Ya fara da mai kira. Ya sami Kabo a shago yana taka keke.

"Kabo, yau ka kira min Magariba, ni in kira maka La'asar."

Kabo bai ɗago ba. "In kuma ta yi kuka a kaina fa?"

"Sai a san ba ni ba ne."

"Sai a ce tare muka kai ta Ajingi, kai ka ja ni na kora. A'a, Malam Buba. Kowa ya riƙe saniyarsa."

Alhamis ta zo, gobe Juma'a. Bubayero ya kira Magariba, kukan ya zo inda ya saba zuwa. Aka idar da salla. Al'adarmu maza ba sa komawa gida tsakanin Magariba da Isha'i, a ƙofar masallaci ake baje tabarmi a ci tuwo tare. Ba a kai ga wanke hannu ba Bubayero ya miƙe.

"Allah gafarta Malam, ina neman izini. Gobe zan ajiye. Yau a bar ni in ware garken nan a gaban kowa."

Liman ya ɗaga masa hannu. Aka bar kwanukan tuwo a rufe aka dawo ciki. Har waɗanda suka kwana biyu ba su zo jam'i ba sai ga su a bakin taga.

Bubayero ya murɗa inji, ya rufe bakinsa. Muuu.

"Kun ji. Ban ce komai ba."

Maiwada ya ce, "Kana tsaye a kanta."

Bubayero ya ratsa jama'a ya fita, ya wuce darbejiya, ya je har bakin rijiya ya tsaya. Kukan bai ragu da ƙwayar gero ba. Ya dawo.

"Ta san kana gari," in ji Maiwada, amma muryarsa ba ta kai ta ɗazu ba.

Bubayero ya zare wayar makirfo daga jikin inji ya ajiye shi a ƙasa. Kuka yana nan. Ya cire wayar ƙahon gabas, na yamma ya ci gaba shi kaɗai. Ya mayar ya cire ta yamma, na gabas ya karɓa. Zufa ta jiƙa masa riga. Saura ɗaya a garken, ita ce kuma wadda gwanin Gaya ya ce lafiyarta ƙalau. Ya sa hannu biyu cikin alkuki ya ɗago injin, don ya juya shi ya duba bayansa.

Yana fito da shi kamu ɗaya daga bango, kukan ya yi ƙasa.

Ya tsaya cak. Ya ja da baya taku ɗaya, wayoyi suna biyo shi. Kukan ya koma kamar ƙudan zuma a cikin kwarya. Taku biyu, taku uku, ɗif. Ga inji a kunne, jar fitilarsa tana ci, ga shi a ƙirjin Bubayero, kuma babu abin da ake ji sai numfashin mutane.

Ya taka gaba. Kukan ya farka. Ya tura injin cikin alkuki, saniya ta cika gari. Ya janyo, ta mutu. Sau uku ya yi haka. Ya mayar da shi alkuki ya bar shi yana kuka.

"Ba ni ba ne," ya ce. "Ba injin ba ne. Bangon ne."

Tsoffin da suka jingina da bangon nan shekara da shekaru suka zabura suka matsa tsakiya. Wani ya ce sammu aka binne. Wani ya ce dama ya taɓa jin sanyi a wurin. Maiwada ya ce a kawo dagi, wani ya ruga gida ya ɗauko.

Kafin a dawo, Bubayero ya sunkuya ya cusa kansa gefen injin, ya manna kunne da laka, kamar yadda yake sauraron cikin saniya mai kumburi. A bayan kukan, can nesa, siriri, ya ji kiɗan kalangu. Ya ɗauka kunnensa ne. Sai ya ji tarin tsohuwa. Sai ya ji dariya, dariyar mata da yawa da ake dannewa da mayafi, kuma a cikinsu akwai wata mai ƙarewa da shaƙuwa. Shekara ashirin da biyu yana jin dariyar nan. Ta Adama ce, wadda ya bari a gida tana kaɗa nono.

Sai a lokacin ya tuna abin da yake bayan bangon. Ɗakin Hajiya Hure ne, mahaifiyar Liman.

Bai san mene ne a ciki ba. Abin da ya sani, mata ne a tare da kiɗa, tazarar hannu ɗaya daga inda maza suke sa goshi, kuma tasa tana ciki. Ya miƙe, ga Maiwada da dagi.

"A bar bangon," ya ce. "A matsar da injin kawai, magana ta ƙare."

Maiwada ya juya ga jama'a. "Kun ji ko? Ɗazu shi ne mai ware garke. Yanzu da aka zo kan ramin, a bar bango. Wa ya san abin da aka binne in ba wanda ya binne ba?"

Bubayero ya ga ba za su bari ba. Ya ɗauki sandarsa ya ƙwanƙwasa bangon sau uku, ya yi gyaran murya mai ƙarfi, irin wadda namiji yake yi in zai shiga gidan da akwai mata, don su kintsa.

Kukan ya ɗauke. Inji yana cikin alkuki, yana kunne, kuma shiru.

Jama'a suka dare suka bar shi shi kaɗai a tsakiya. Kabo yana ta neman tsari. Wani tsoho ya ce, "Ya ce ta yi shiru, ta yi." Bubayero ya dubi sandar hannunsa, ya dubi fuskokin, ya gane ya haƙa wa kansa ramin da ya fi na farko zurfi. Ɗazu maƙaryaci ne. Yanzu mai iskoki ne.

Liman da kansa, da murya ƙasa ƙasa, ya ce, "A fasa."

Aka ɗaga injin gefe kaɗan. Maiwada ya yi bisimilla ya kai sara. Bangon alkuki ba shi da kauri. A sara na uku dagi ya zarce, sai aka ji jeren kwanuka ya rushe a can ciki, fanteka da langa suna gangara, ƙara kamar ba za ta ƙare ba. Da ta lafa, wata murya ta fito ta ramin.

"Wane marar kunya ne yake fasa min ɗaki ina ciki?"

Dagi ya suɓuce daga hannun Maiwada. Liman ya durƙusa a gaban ramin.

"Inna, mu ne. Wani abu muke nema a bango."

Hajiya Hure ba ta kama sunan ɗanta na fari, ko a gaban wa. "Kai mai rawani, ƙofar gidan ce ta ɓace maka? Da dagi ake gaishe ni yanzu?"

Bubayero ya matso ya durƙusa kusa da Liman.

"Inna Hajiya, Buba ne. Abin da kuka kashe yanzu da na ƙwanƙwasa, don Allah a sake kunna shi."

Sai raɗa, sai motsin zannuwa.

"Ba mu kashe komai ba," in ji tsohuwa.

"Inna, wuyana ne a kai. An ce rantsuwa ta kama ni. Gobe zan ajiye kiran salla in san inda na nufa."

Sa'annan aka ji ta ce, "Ke Adama, daina kukan nan. Mijinki ne. Tashi ki murɗa."

Aka ji ƙas. Numfashi uku, huɗu, babu komai. Sai wani haske fari mai shuɗi shuɗi ya ratso ta ramin ya faɗo a kan tabarmar liman, kuma tare da shi saniya ta tashi a kan soro, muuu.

"A kashe," in ji Bubayero. Haske ya ɗauke, kuka ya ɗauke.

"A kunna."

Haske ya dawo, kuka ya dawo.

Liman ya kai ido bakin ramin. Abin da ya gani, akwati ne a jingine da bangon, daidai bayan alkuki, an yaye masa zanen da yake lulluɓe da shi a cikin jere. Ta gefen gilashin yana hango wani ɗan mutum da bai wuce tafin hannu ba yana matse kalangu a hammata. A cikin hasken kuwa ga fuskoki sun kai goma sha biyar, kowace ta ja mayafi har hanci. Ya gane ta matarsa. Ya gane ta Kabo. Ya janye kansa a hankali, ya zauna daɓas, rawaninsa ya karkace bai gyara ba.

Maiwada ya ture mutane ya leƙa. Fatsuma matarsa ce a sahun gaba, da soyayyar gyaɗa a cinya. Ya daɗe a sunkuye, ina jin ya rasa fuskar da zai juyo da ita.

Ni ina sahu na biyu. Masallacin nan kaf ni kaɗai na san sunan abin, ni na faɗa musu, tunda asirin ya riga ya fasu da dagi.

Tsohuwa kuwa, da ta ga ba sauran ɓoyo, sai ta saki baki. "Tukur ne ya kawo min makon jiya, har da batirinsa. Da rana ba ya nuna komai sai yayyafi. In muka ji kabbarar Buba mun san kun fita, sai mu kunna, kafin ya yi ɗumi ya kawo hoto matan gari sun shigo ta danga. In kun idar da Isha'i mu rufe. Sallarmu muna yi, kada wanda ya tambaye ni. Wa ya san akwatina yana magana da naku ta cikin bango? Mu ma nan tsoron saniyar muke ji."

Abin da ya gudana tsakanin Liman da mahaifiyarsa, da tsakanin kowane mai gida da tasa, ba a masallaci aka yi shi ba, ba zan ƙirƙira ba. A masallaci dai an ɗauko kujera 'yar tsugunne an kai can bangon ƙofa, an ɗora inji a kai, an ja wayoyi. Aka ce a kunna akwatin, aka kunna, ƙaho ya yi shiru abinsa. Tuwo ya huce a waje babu wanda ya tuna da shi.

Liman ya dubi sama ta ƙofa. "Malam Buba, lokaci ya yi."

Bubayero ya ɗauki makirfo ya mayar da wayarsa. Bai kai bakinsa ba. Ya miƙa wa Maiwada.

"Ta ƙahon nan gari ya ji ni maƙaryaci ne. Ta nan zai ji sauran."

"Haba, Malam Buba. Ai kowa ya gani."

"Na cikin masallaci sun gani. Na ƙarshen gari fa, da suka aiko aka ware shanunsu?"

Maiwada ya dubi Liman. Liman ya ce, "Karɓi."

Ya karɓa kamar an miƙo masa garwashi. Bai taɓa magana a ciki ba, ya kai shi kusa da baki har numfashinsa ya fita ta kan soro kamar guguwa.

"Jama'a. Ni ne, Maiwada. Ba saniyata ba ce."

"Ƙara," in ji Bubayero.

"Kura ce ta ci ta. Yadda ya rantse haka ne."

Ta ramin bango tsohuwa ta ce, "Mu nan ba mu ji sosai ba."

Sai da ya maimaita. Sa'annan Bubayero ya karɓi abinsa, ya goge shi da bakin riga, ya fuskanci gabas ya sa yatsa a kunne. Kiran Isha'in da ya yi ran nan, mutanen da suke kwana a gona wajen Toranke sun ce sun ji shi. Ya ci gaba da kira shekara goma sha tara, har ƙirji ya hana shi.

Na san akwai 'yan zamani da za su karanta wannan su taɓe baki su ce tsoho ya ƙara gishiri. To ga hanya, mota tana tashi daga Gaya kullum. Jikokin Maiwada suna nan, ƙarti bakwai, duk majiya ƙarfi. Mai shakka ya je ƙofar gidansu bayan Magariba, ya tsaya ya yi kukan saniya sau ɗaya tak. In ya dawo min da haƙoransa cikakku, ni da bakina zan ce ƙarya na yi.